Wanda Ya San Darajar Tsohon Agogo, Ya Faɗa Ko Ya Yi Shiru?

Jama'ar Damana da Filinge da sauran garuruwan Kurfai, ga wata magana da ya kamata mu zauna mu duba tare. Maganar tsohon agogo ce. Amma ta shafi duk cinikin da ake yi tsakanin wanda ya sani da wanda bai sani ba.

A gidaje da yawa na ƙasarmu akwai agogon hannu kwance cikin akwati. Ya daɗe da tsayawa. Gilashinsa ya dushe, maɗaurinsa ya tsinke. Waɗansu iyayenmu ne suka zo da su daga Kumasi da Akra, zamanin da samari ke tafiya ci-rani ƙasar Gana. A shekarar 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi marasa takarda, mutane da yawa suka dawo gida da ɗan abin da hannu ya iya ɗauka. Waɗansu agogunan tsoffin soja ne suka kawo daga aikin sojan Faransa. Waɗansu kuma tsarabar Makka ne. A wancan lokaci, agogo a hannu alama ce ta mutum ya je, ya dawo da alheri.

Me ya sa aka yar da su? A shekarar nan ta 1969 kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fito da agogon hannu mai aiki da batir. Ba a daɗe ba irinsa ya yi araha, ya cika kasuwannin duniya. A ƙasar Suwis, inda aka fi ƙera agogo, masu aikin sun kai wajen 90,000 a 1970. Zuwa 1985 sun koma wajen 30,000. Daga baya salula ta zo, kowa ya koma duba lokaci a cikinta.

Amma tsohon agogo bai mutu ba. Ba ya cin batir. A cikinsa akwai siririn ƙarfe nannaɗe. In ka murza kan agogo, ƙarfen ya ɗaure, sa'an nan ya riƙa warwarewa sannu sannu yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora. Akwai wata ƙaramar ƙafa mai kaɗawa gaba da baya, ita ce ke yin ƙarar da kake ji in ka kara agogo a kunne. Wani irin, kamar Seiko 5 da aka fara yi a 1963, motsin hannunka ne ke ɗaure shi. Lambar 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskar agogo, yawan ƙananan duwatsu ne da ƙafafun ke juyawa a kansu don kada su cinye. Sau da yawa abin da ya tsayar da shi bai wuce bushewar mai da ƙurar hunturu ba. Gwanin gyara zai kwance shi, ya wanke, ya sa masa mai irin nasa, sai ya tashi.

Yau a Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan agoguna, suna biyan kuɗi mai yawa. A 2017, a birnin Niyu Yok, an sayar da wani Rolex na Paul Newman, ɗan wasan silima, a kan dalar Amurka miliyan 17 da ɗoriya. Kada wannan ya ruɗe mu. Mafi yawan tsoffin agoguna ba su da tsada, jabu kuma sun yi yawa. Amma jefi-jefi akan sami Omega ko Rolex na gaske, wanda kuɗinsa zai ciyar da gida shekara guda.

To, ga tambayar. A ce wata tsohuwa ta zo kasuwa ranar Lahadi da agogon mijinta da ya rasu. Rumbu ya ƙare, hatsi bai nuna ba. Ta miƙa wa wani saurayi mai sayen tsoffin kaya. Shi ya iya karatu, ya karanta sunan da ke fuskar agogon, ya gane abu ne mai daraja. Ita jika 2 take fata, ta sayi tiyar hatsi. Shi ya san in an gyara zai sami jika 200 a Yamai. Ya biya jika 2 ya yi shiru, ko ya faɗa mata?

Mu fara jin ta bakin saurayin, don yana da hujja. Zai ce: “Ban ƙwace ba, ban yi sata ba. Ta kawo, na taya, ta sallama. Sanin da nake da shi ba a kan hanya na tsince shi ba, shekaru na yi ina koyo. Na sha sayen agogo na tarar cikinsa ya yi tsatsa, kuɗina suka faɗi, ba wanda ya biya ni. Ni zan biya mota zuwa Yamai, ni zan biya mai gyara, ni zan nemi mai saye.”

Wannan magana akwai gaskiya a cikinta. Sani dukiya ne, wahala kuma tana da lada. Ba don mai nema da mai gyara ba, da agogon ya ruɓe cikin akwati bai amfani kowa ba. In ka je kasuwar Katako a Yamai, ka tarar da ɗan kasuwa ya zube tsoffin agoguna a tabarma, ka zaɓi ɗaya, kuka yi ciniki, ba ka da laifi. Shi ma sana'arsa ce. Ya sayo da araha don ya ci riba, ya san akwai sa'a a cikin tarin, ya yarda ya sayar haka.

Amma tsohuwar nan ba ƴar kasuwa ba ce. Yunwa ce ta kawo ta. Jika 198 da ke tsakanin abin da ta karɓa da abin da za a samu, mu raba su gida biyu. Kashi ɗaya ladan tafiya ne da gyara da sani. Wannan halalinsa ne. Ɗaya kashin kuwa daga ina ya fito? Daga rashin saninta ya fito. Da ta sani, da “albarka” za ta ce. Yardar da aka samu don mutum yana cikin duhu ba cikakkiyar yarda ba ce. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma kowa ya san sunan wanda ke ɗaukar kayan mutane da dare.

Malamanmu ba su bar wannan magana ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantarwa a zaurukan ƙasarmu, ya hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa in mutum ya dogara gare ka, ya nuna bai san kuɗin abu ba, ya ce ka saya yadda mutane ke saye, haramun ne ka cuce shi. An kuma hana tare masu kawo kaya a kan hanya kafin su kai kasuwa su ji farashi. Duk wanda ya taɓa kora akuya zuwa kasuwar Baleyara ya san masu taren nan, ya kuma san yadda zuciya ke ɓaci in an iso an ji kuɗin gaskiya.

Saboda haka, in tsohuwar ta ce: “Ɗana, nawa wannan zai yi?” to, ba sauran wurin ɓuya. In ya ce mata ba ya da wani amfani, ya yi ƙarya, ribarsa kuma ta gurɓata. In ba ta tambaya ba fa? Wataƙila alƙali ba zai kama shi ba. Amma abin da alƙali bai kama ba, mutunci yana kamawa. Ya tambayi kansa: in gobe ta ji kuɗin da aka sayar, zan iya gaishe ta a bakin rijiya? In ba zai iya ba, ya riga ya san amsa.

Akwai hanyar da ba wanda zai yi asara. Sai ya ce: “Inna, agogon nan zai iya yin kuɗi, zai iya kuma zama jabu. Ga jika 2 ki sayi hatsi yau. Zan kai shi a duba. In an sayar, mu cire abin da na kashe, mu raba saura.” A yi maganar gaban shaidu biyu, a rubuta a takarda. A kuma tuna, agogon mamaci gado ne. Ba a sayar da shi sai magada sun sani.

Ranar da saurayin ya koma mai sayarwa, doka ɗaya ce ke kansa. In an canja kayan cikin agogo, ya faɗa. In an sake wa fuskarsa fenti, ya faɗa, don masu tarawa sun fi son fuska ta asali ko da ta tsufa. In bai tabbata na gaske ne ba, kada ya rantse.

Ku kuma masu agogo a akwati, kada ku buɗe shi da wuƙa, kada ku zuba masa man gyaɗa ko kananzir. Ku karanta sunan da ke fuskarsa, ko ku sa yaro ya karanta muku. Ku tambayi mutum biyu ko uku kafin ku sallama.

Ƙasarmu ƙarama ce, kowa ya san gidan kowa. Wanda ya ci jika 198 da shiru ya ci sau ɗaya ne. Wanda ya faɗi gaskiya, shi mutane za su riƙa kai wa kayansu har ya tsufa. Allah ya ba mu ribar da ba za mu ji kunyar faɗinta ba.