Mai neman ɓarawo da hasken da ba na kowa ba

A 1963 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla yarjejeniyar daina gwada bam ɗin nukiliya a cikin iska da sararin samaniya. (Faransa, wadda ta tayar da nata a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a 1960, ba ta sa hannu ba.) Da yake babu yarda a tsakani, Amurka ta harba taurarin ɗan adam masu suna Vela don su yi gadi. Ranar 2 ga Yuli 1967 suka kama wata walƙiya ta hasken gamma, wanda ido ba ya gani, iskar duniya kuma tana tare shi, shi ya sa sai daga sama ake auna shi.

Na'urar an ƙera ta ne don kama mai cin amana, ga alama kuma ta samu. Amma masanan Los Alamos ba su nuna kowa da yatsa ba. Siffar walƙiyar ba ta bam ba ce. Suka tara irinta, suna kwatanta lokacin da kowace ta isa ga wannan tauraro da wancan. Tazarar ƙiftawar ido ita ke nuna inda haske ya fito. A 1973 suka bayyana guda 16: ba daga duniya ba, ba daga rana ba.

Mu a Kurfai mun san wannan gwaji na zuciya. In manomin Dallol Bosso ya wayi gari ya tarar an cinye masa hatsi, kafin a bi sawu zuciyarsa ta riga ta kama makiyayin da ya fi kusa. Ban ce masanan sun fi shi kirki ba. Abin da suke da shi awo ne mai iya wanke wanda ake zargi, alhali yawancin bincikenmu, daga ƙofar maigari har ajin makaranta, tabbatar da zato kawai ya iya.

Za a ce su cikinsu cike yake, suna da halin jira. Mai gona kuwa rumbunsa ne ya tafi. Wannan gaskiya ne, jiran ma ya yi tsawo. Sai a 1997, da taimakon tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan, aka tabbatar walƙiyar daga taurari masu nisan biliyoyin shekarun tafiyar haske take fitowa, tun ba a yi ɗan adam ba.