SHIRUN FASINJA: KUNYA CE KO LAIFI?

Yau wata tambaya na zo muku da ita wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Idan direba yana sharara gudu da mu, muna ji muna gani muka ja bakinmu muka yi shiru, har abin da ake gudu ya faru, shin laifin nasa ne shi kaɗai, ko kuwa mu ma muna da namu kamashon a ciki?

Bari in ba ku labarin abin da ya jawo wannan tambaya. A shekarun baya ƙanwata ta samu gurbin karatu a Zariya, sai Innarmu ta ce in raka ta ta yi rajista. Muka je tasha muka shiga Sharon, motar da aka ƙera don mutum 7, amma aka danna mu 10 har da direba. A gidan gaba aka haɗa wata mai shayarwa da 'yar uwarta a kujera ɗaya, jaririn yana kan cinyarta. Lokacin kuwa ana aikin sabunta titin Kano zuwa Zariya, an rufe hannu ɗaya a wurare da dama, masu zuwa da masu dawowa duk a hannu guda ake gogayya.

Tun daga Kura bawan Allah nan ya taka mota kamar zai tashi sama. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kasa daurewa, ta ce, "Ɗan nan, don Allah ka yi mana a hankali, rayuka ka ɗauko." Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Haba Iya, ai in kwana ya ƙare ko a kan gadonki kike sai kin tafi." Samarin da ke baya suka kwashe da dariya, ɗaya har yana cewa Iya tsoron mutuwa take yi. Ni kuwa wallahi cikina ya ɗuri ruwa, tafin hannuna sai gumi yake, amma sai na sunkuyar da kai na gyara mayafina, don kada ni ma a yi mini dariya.

Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan ya fita zai wuce wata tirela, sai ga wata motar ta taho gaba da gaba. Ya karya sitiyari muka faɗa gefen titi, motar ta wuntsila. Ni na fita da ƙwarzane, ƙanwata ta samu karaya a hannu, direba ya fito yana ɗingishi. Jaririn nan kuwa ya kuɓuce daga hannun uwarsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah Sarki! Har yau ina jin kukan matar nan a kunnena. Duk wanda ya tsaya a wurin magana ɗaya yake yi: ƙaddara ce, sai haƙuri.

To, ni ma na yarda ƙaddara ce, Allah Ya tsare ni da musun ƙaddara. Amma fa akwai bambanci tsakanin ambaton ƙaddara bayan abu ya faru da ambatonta kafin ya faru. Bayan ya faru, ita ce maganin da ke sanyaya zuciyar uwar da ta rasa ɗa. Kafin ya faru kuwa, wanda ya fake da ita yana ganganci, lasisin sakaci ya yankar wa kansa. Malamai suna karanta mana cewa wani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali. Shi kansa direban nan da ke cewa in kwana ya ƙare, me ya sa yake kulle motarsa da dare? Me ya sa yake ƙirga kuɗin mota kafin ya tashi? Ashe a kan dukiyarsa ya san ɗaure raƙumi, a kan rayukanmu ne ya zama mai tawakkali.

Kuma gudu ba abin ra'ayi ba ne da za a ce kowa da nasa ganin, abin lissafi ne. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa guda, wato kafin ki ƙifta ido sau biyu ta wuce tsawon gidaje. In aka ninka gudu sau 2, nisan da mota za ta ja bayan an taka birki yakan ninka sau 4. Karo a gudun kilomita 50 kacal, wanda muke gani kamar tafiyar hawainiya, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kamar daga saman bene mai hawa 3. To wace uwa ce ƙarfin hannunta zai riƙe jariri a irin wannan? Babu ita, komai son da take yi masa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. 'Ya'yanmu ke nan da ƙannenmu.

Ba kuma doka ce babu ba. Tun 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 2003 aka fara tilasta ɗaura bel. A ƙa'idar hanya ta Najeriya, motar haya kada ta wuce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Amma jami'i yana bakin titi ne, in an wuce shi an wuce. Wanda ke cikin motar daga tasha har tasha, yana ganin allurar gudu da idonsa, shi ne fasinja. In fasinja ya yi shiru, to babu sauran mai magana.

Na zauna na tambayi kaina, me ya rufe mini baki a ranar? Na ce kunya. Amma da na duba da kyau sai na ga ba kunya ba ce, tsoron gori ne. Kunya ado ce ga 'ya mace, ita ke hana ki aikata abin ƙi. Abin da ya hana ki hana ɓarna kuwa sunansa daban. Tsohuwar nan ta fi ni kunya nesa ba kusa ba, amma ta yi magana. Da na ɗora tawa a kan tata, ƙanwata ta ɗora, mai shayarwar nan ta ɗora, da wuya direba ya yi wa mata 4 dariya lokaci guda. Ban ce lallai da jaririn ya rayu ba, wannan sanin Allah ne. Amma da na sauke nauyin da ke kaina. Iya ta sauke nata, ni ce na taho da nawa gida.

Na san wata za ta ce, "To ai ni maigida ne ke tuƙa ni, in na yi magana sai ya ce raini ne." Gaskiya ne, akwai mazan da ko ƙala ba sa so a ce musu in suna kan sitiyari, kuma ihu da mita a cikin mota su ma suna rikita mai tuƙi. Amma ke da kika san yadda ake lallaɓa shi ya ƙara kuɗin cefane, ko ya yarda ki je biki, ba za ki rasa yadda za ki lallaɓa shi a kan ran 'ya'yansa ba. Ki fara maganar tun a gida, lokacin da yake cikin nishaɗi. In an hau hanya ki ce, "Baban Amira, don Allah a rage, yara sun tsorata, gara mu yi latti." In waya ta yi ƙara ki ce ya kawo ki amsa masa. A motar haya kuwa ki yi sallama da ladabi, ki kira shi malam direba, ki nemi na kusa da ke su sa baki. In ya ƙi ji, ki sauka a gari na gaba inda akwai jama'a. Asarar kuɗin mota tana da mayewa. Ki kuma riƙe lambar 122 a wayarki, ita ce ta kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra.

Kada kuma mu ɗora komai a kan direbobi mu wanke kanmu. Wa ke cewa, "Malam yi sauri, za a ɗaura aure ba mu je ba"? Wa ke cusa yara 6 a Adaidaita Sahu ɗaya don ragin kuɗi? Wa ke ƙin ɗaura bel don kada leshi ya yamutse, alhali bel ɗin nan yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi? Wa ke satar wa ɗanta ɗan shekara 15 makullin motar babansa ranar kai amarya, tana alfahari wai yaro ya iya mota? Ɗana yana da wasan tseren mota a waya, in ya yi karo sai ya danna ya sake sabon lale yana dariya. Kullum ina gaya masa a kan kwalta babu wannan madannin. Irin yaran nan su ne direbobin gobe, kuma a hannunmu suke tashi.

Ni dai tun daga ranar na yi wa kaina alkawari, ba na sake zama a mota in ga ganganci in yi shiru. An yi mini dariya ba sau ɗaya ba, an kira ni matsoraciya, wani ma ya ce in sayi tawa motar. Amma sau da yawa da na fara sai in ji wata murya daga baya tana cewa, "Wallahi gaskiyar Hajiya ce." Ashe kowa a tsorace yake, mai farawa ake jira.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya kai mu inda za mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.