Ta'aziyyar Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata

Zuwa ga 'ya'ya da jikokin marigayi Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata, da ɗaukacin mutanen Kano: sannunmu da rashi. Ya haƙuri?

Ranar Asabar, 28 ga Yunin 2025, Allah Ya karɓi ransa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, yana da shekara 94 a duniya. Abin da ya fi sosa wa Kanawa rai shi ne ba su samu sun sa kafaɗa a makararsa ba. An jeru sahu-sahu an yi sallar ga'ib, babu gawa a gaban liman, kowa ya koma gida bai zuba ko da tafi guda na ƙasa a kabarinsa ba. Amma ku tuna inda aka kai shi. Ranar 1 ga Yuli aka sallace shi a Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka binne shi a Baƙi'a, cikin maƙwabtakar sahabbai. Wanda Allah Ya zaɓa wa wannan makwanci, ai ya kamata godiyarmu ta rinjayi kukanmu.

Ya taso cikin arziki, amma arziki bai hana shi shan rana ba. Yana ɗan shekara 17, a 1948, ya shiga kamfanin mahaifinsa yana sayen gyaɗa, zamanin da ake jera buhuna a yi dala a Kano, ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas. Mahaifin ya rasu a 1955, sannan a 1960, bayan rasuwar yayansa Ahmadu, nauyin gidan ya dawo wuyansa. Da kasuwar gyaɗa ta ja baya, bai zauna yana juyayi ba, sai ya karkata ga gine-gine da masana'antu, daga baya har da harkar mai.

Ya taɓa siyasa ma. Ya zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna kafin juyin mulkin 1966, ya kuma yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo daga 1968 zuwa 1973, lokacin da ake aza tubalin sabuwar Jihar Kano. Ya sauka ya koma kasuwancinsa da mutuncinsa, masu mulki suka ci gaba da zuwa gaishe shi har tsufansa.

Duk da haka, ba kujera ko kamfani talakawa suke wa kuka ba. Hannunsa suke tunawa. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano akwai cibiyar wankin ƙoda da ya gina da sunan mahaifinsa. Mara lafiyar da ke kwance a can sa'o'i, jininsa na zagayawa cikin na'ura yana dawowa jikinsa a tace, wataƙila bai taɓa ganin Alhaji ido da ido ba, amma ladan yana isa kabarinsa. Da ambaliya ta ci Maiduguri a 2024, yana da shekara 93, ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ku iyalansa, rashin uba ba ya sauƙi don ya daɗe a duniya. Ku yi kuka, ba laifi ba ne. Sai dai ku sani akwai marayu da zawarawa da almajirai da su ma suka rasa uba a ranar, ko da yake ba sa cikin masu gado. Kada ƙofar da suka saba tararwa a buɗe ta rufe. Wannan ita ce ta'aziyyar da za ku yi musu, kuma ita ce kyautar da ta rage ku aika masa.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, Ya haɗa kanku. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.