Mene Ne Tattalin Arziki?



'Yan'uwa Musulmi, akwai wata kalma da ta cika bakin jama'a a kasuwa da tasha da majalisar ƙofar gida, watau "tattalin arziki". Mai kayan miya in ya ƙara kuɗi sai ya ce tattalin arziki ne, wanda ake bi bashi ma in ya ɓuya haka zai aiko a faɗa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, har yara sun iya ta. Mutane sun ɗauka wani abu ne da ke zaune a Abuja, a hannun ministoci da Babban Banki. Lalle hukuma tana da nata nauyin, kuma za a tambaye ta ranar gobe. Amma fa kalmar ba a ofis aka haife ta ba.

Arziki dai daga Larabci muka aro shi, watau "ar-rizƙu", abin da Allah Ya hore wa bawa ya amfana da shi, na ci da sha da sutura, har da lafiya da ilmi. Tattali kuwa tamu ce. Uwa takan yi tattalin jaririnta, makiyayi ya yi tattalin ɗan maraƙinsa. To, uwar da ta hana ɗanta nono ba wanda zai ce tana tattalinsa, haka nan wadda ta ɗura masa har ya ƙware. Turawa ma da suke cewa ikonomi, daga kalmomin Girkanci biyu suka samo ta, masu nufin gida da ƙa'ida.

Larabawa su kuma "iƙtisadi" suke cewa, daga "ƙasdu", watau nufar abu kai tsaye da bin tsakatsaki. Da wannan tushen ne Luƙmanu ya hori ɗansa ya daidaita tafiyarsa, a aya ta 19 ta surarsa, alhali ba zancen kuɗi ake yi ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya sa wa wani littafinsa suna Al-Iƙtisadu fil I'itiƙad, kuma tauhidi ne a cikinsa, babu ko anini. Ashe hali ne na mutum tun kafin ya zama darasin jami'a.

Alƙur'ani ya kafa wa wannan hali iyaka biyu. A Suratul Furƙan aya ta 67 an yabi bayin Allah da cewa in za su ciyar ba su wuce kima, ba su kuma ƙuntatawa. A Suratul Isra'i aya ta 29 an hana ƙulle hannu a wuya, an kuma hana sake shi ɗungurungum. Abin takaici, marowaci ya ƙwace kalmar ya yi mayafi da ita. Zai bar iyali da tuwo ba mai, ya ce tattali yake yi, alhali ciyar da su wajibi ne a kansa gwargwadon abin da aka ba shi, kamar yadda Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta nuna. Wanda ya hana zakka kuwa, kada ma ya ambaci tattali, domin hakkin wasu ne ya danne.

Ɗaya gefen ya fi yawa a cikinmu. Dattawa suna tuna ƙarin albashin Udoji da ya biyo bayan rahoton 1974, yadda aka yi rububin babura da rediyo, ba a cika shekara goma ba gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu a 1982. Yau ma sai ka ga magidanci ya ci bashi don akwatunan lefe da kwana uku na shagali, amarya ta tare a tarar ba hatsi a ɗaki. Wannan ai ba karamci ba ne, tsoron bakin mutane ne.

Sai mu duba shawarar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ga mutanen Masar, a surarsa daga aya ta 47: su yi noma shekara bakwai, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. Bai ce su kwana da yunwa ba. Kakanninmu ma haka suke jera dammunan gero a rumbu ba a sussuke ba, sai a ɗebo na buƙata. Manomin yau kuwa yakan kwashe amfaninsa ya kai kasuwa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, don hidimar da za ta iya jira, sa'an nan damina ta yi tsakiya ya koma wurin ɗan kasuwar nan yana awo da tiya a kan tsada, wani lokaci ma bashi.

In Allah Ya kai mu mako mai zuwa za mu duba hukuncin ɗan kasuwar shi ma, watau mai ɓoye abinci yana jiran ya yi tsada.