Tauhidi: Mulki na Allah ne Shi kaɗai

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani tauhidi shi ne kaɗaita Allah cikin mulkinSa, da bautarSa, da sunayenSa da siffofinSa. Ku dubi Damagaram: Sarki Tanimun ya kewaye Birni da garu, ya sa aka ƙera igwa, amma ya rasu a 1884, kuma a 1899 sojojin Faransa suka ci garin. In garu da igwa ba su tare ƙaddara ba, ina ga layar boka? Wanda ya yi yanka domin iskoki ya yi shirka, zunubin da ba a gafartawa in an mutu a kansa. Mu tuba tun da sauran numfashi. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.