Sha biyu ga Rabi'ul Awwal: daga Makka zuwa Tabkin Kwatto

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan watan Maulidi ya kama, zawiyoyin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela sukan raya daren sha biyu da karatun Ishiriniya da Burda, ga zikiri har asuba. Galibin masu halarta sun san ranar da abu ɗaya: haihuwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Makka, shekarar Giwa. Malaman sira sun saɓa kan kwanan watan, wasu sun ce takwas, wasu tara, amma sha biyu ce ta shahara, kuma Litinin ɗin babu jayayya a kanta, domin shi da kansa ya danganta azumin Litinin da haihuwarsa.

Sai dai ranar ba ta tsaya nan ba. A ruwayar Ibnu Ishaƙ, ranar Litinin sha biyu ga wannan wata ya sauka Ƙuba a ƙarshen tafiyar hijira, bayan shekara 13 yana kira a Makka ana cutar da shi da sahabbansa. Kuma bisa mashahurin zance, ranar Litinin sha biyu ga watan, shekara ta 11 bayan hijira, ya yi wafati a ɗakin Nana A'isha. Sayyidina Umar, duk da ƙarfin zuciyarsa, ya kasa yarda a ranar, sai da Sayyidina Abubakar ya tashi ya tunatar da mutane cewa wanda ake bauta wa Rayayye ne, ba Ya mutuwa. Muridin da ke cikin farin ciki a daren Maulidi yana zaune ne a daren ranar da Madina ta yi kuka mafi tsanani.

Mutanen wannan yanki suna da nasu rabo a ranar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, baƙadire, an haife shi a Maratta, kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza ta yau, a shekarar 1754. Yana ɗan shekara ashirin ya fara wa'azi, a lokacin ne kuma ya yi ƙasidarsa ta Daliyya yana begen ziyarar Madina, ziyarar da Allah bai ƙaddara masa ba. A watan Fabrairun 1804 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu saboda matsin Yunfa, Sarkin Gobir. Matankari da Birnin Ƙonni suna cikin garuruwan farko da jama'arsa ta ci. Bayan haka, ranar Alhamis, sha biyu ga Rabi'ul Awwal 1219, daidai da 21 ga Yunin 1804, rundunar Yunfa ta gamu da jama'a a Tabkin Kwatto. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, shi ne ya ja ragama. Dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu ƴan baka, amma Gobirawa suka watse, Yunfa ya gudu. An kwatanta ranar da Badar.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Akwai matasa a yau da ke jin labarin Kwatto jininsu ya tafasa, akwai kuma masu bindiga a dazuzzukan kan iyaka da ke aron sunan jihadi suna kashe manomi, suna kore shanun talaka. Su kirga shekarun. Tsakanin fara wa'azin Shehu da Kwatto shekara talatin ce cur, ta karantarwa, da wuridi, da yawo ƙauye ƙauye a Gobir da Zamfara da Kabi, har mata yana zaunar da su suna koyon addini ana zarginsa a kai. Bai ɗaga takobi ba sai da aka kore shi daga gidansa aka biyo shi. Wanda bai iya farillan alwala ba, ba shi da gado a Kwatto.

Kuma waɗanda suka gwabza a ranar, jikokinsu ne yau ke zama kafaɗa da kafaɗa a halƙar zikiri: Bagobiri, Bafillace, Ba'adare, Buzu. Wani kakansa yana cikin jama'ar Shehu, wani nasa yana bayan Yunfa, wani nasa yana cikin ganuwar Ƙonni ranar da aka ci ta. Ba daren gori ba ne, kuma mai wa'azin da ya mayar da shi haka ya ɓata wa Ma'aiki taronsa.

Shi kansa Malam Abdullahi nasarar ba ta rufe masa ido ba. Shekara uku bayan Kwatto, a 1807, da ya ga wasu cikin mayaƙa sun karkata ga tara dukiya da dawaki da muƙami, sai ya bar rundunar ya nufi gabas, niyyarsa Makka da Madina. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna yana koya musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da shari'a, daga baya ya koma wajen ɗan'uwansa. Bai kai Madina ba shi ma.

Allah Ya jiƙan su baki ɗaya, Ya ƙara wa Annabi daraja, Ya zaunar da ƙasar Ƙonni da Adar lafiya. Amin.