Kafin A Sayar Da Tunkiyar Inna



Wata Talata a kasuwar Mafara na tarar da wata dattijuwa da na sani tana tsaye bayan dillali, riƙe da igiyar tunkiya mai tsohon ciki. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, lafiya za ki rabu da ita, ga ta haihuwa yau ko gobe?" Ta ce, "Ɗan nan, jikana ne aka zaɓa gwajin ƙwallo a Kano. An ce a kai kuɗin fom da na mota kafin Juma'a." Yaron ya tafi. Kwana tara ya yi, ya dawo da kumburarren idon sawu da bashin kuɗin mota. Ashe su fiye da ɗari aka tara a fili ɗaya, kowa ya biya kuɗin fom, shi kuma bai yi minti ashirin a cikin fili ba aka ce ya fito, za a neme shi. Har yau ana nemansa.

Kada a ji ni a karkace. Ni ba maƙiyin tamola ba ne, na buga ta da ƙafa ba takalmi har farce ya fita. A ƙasar nan tamu, yaron da la'asar ta same shi a fili ya fi wanda ta same shi a majalisar 'yan ƙwaya, balle wanda daji ya janye. Abin da nake kuka da shi shi ne tafiye-tafiyen da ake jan yaranmu a kansu, ba mai tambayar wa zai biya, wa zai raka, wa zai ɗauki alhaki.

Mu yi lissafi da gaskiya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Daga garinmu Kaya a fita Mafara, a kama Gusau, a bi Tsafe zuwa Funtuwa kafin a doshi Kano, kowane zango da kuɗinsa. Ga takalmin ƙwallo, ko na gwanjo ne, ga jesi, ga abinci, ga wurin kwana, wanda galibi tabarma ce a ajin wata firamare. In ƙafa ta karye, koci zai kawo maka ɗanka har ƙofar gida ya ce Allah ya sawwaƙe, kuɗin mai ɗori kuwa naka ne. Akwai kuma asarar da ba a rubutawa: yaro ya bar ubansa da noman farko shi kaɗai, ko da dashen shinkafa a Bakolori, ya sha mako biyu ba boko ba islamiyya. Sannan iyaye maza, mu ji kunya. Sau nawa uba zai ce "ba ruwana da wasan banza", ya kawar da kai, alhali ya san uwar yaron ce za ta kwashi adashenta ko ta sayar da kwanukan auren 'yarta? Ko ka hana a fili, ko ka yarda ka sa hannu a aljihu.

Batun hanya kuwa ba sai na tsawaita ba, duk mun san haɗarin da ke tsakanin Tsafe da Funtuwa. Cusa yara goma sha takwas a bas ɗaya a taso bayan magariba don a rage kuɗin kwana, ganganci ne.

Kullum sunan Ahmed Musa ake kawo mana. To, mu duba yadda ya yi. A Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya, ya fi kowa a gasar Najeriya, sannan VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato maƙwabcinmu, ta Pillars ɗin nan ya bi kafin ya fita waje, har ya ciyo tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Ƙungiya ce ke biyan kuɗi ta sayi ɗan wasan da ta ga aikinsa. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗin biza zai kai ɗanka mai shekara goma sha biyar Turai, ka sani dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai da ba su shafi ɗan Kaya ba. Wanda kuma ya ce a rage wa yaro shekaru a takarda, ƙarya yake koya masa, ga shi yanzu hoton ƙashin wuyan hannu ake ɗauka a gasar 'yan ƙasa da 17, asiri ya tonu.

Akwai gasa ta gaskiya, irin Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala, kuma da sunan jiha ake zuwa. Saboda haka in an ce tafiya, a tambayi sunan gasar, a nemi takardar gayyata, a tuntuɓi hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Gusau. Kada yaro ya fita garin nan sai mai unguwa ya san da zancen, sai da dattijo ɗaya cikin iyaye a motar, sai da rana, kuma lokacin hutun makaranta. Masu hali da 'yan siyasar da ke raba jesi mai hotonsu gab da zaɓe, ku ɗauki kuɗin mota da na magani, shi ne taimakon. Koci-kocinmu na unguwa, da yawanku don Allah kuke yi, mun gode, amma ku rubuta abin da kuka karɓa ku karanta wa iyaye bayan an dawo. Limamai kuma a taɓo wannan a huɗuba, don amanar 'ya'ya ce.

Jikan Inna ya warke, ya koma buga wasa a filin makaranta, kuma wallahi yana da ƙafa. Tunkiyar kuwa, dillalin ya gaya mini tagwaye ta haifa a gidan wanda ya saye ta.